Fayafayai Uku na Kiɗan Farin Wata: Abin da Aka Zuba da Abin da Aka Yanke

Wata uku ke nan da wannan akwati ya shigo hannuna, kuma sai yanzu na ga ya dace in rubuta ra'ayina a kansa, domin kiɗa irin wannan ba a yanke masa hukunci da sauraro ɗaya. Akwatin kwali ne mai ɗauke da fayafayan sidi guda uku da ɗan littafin bayani. An buga hoton tafki da cikakken wata a bangonsa, a bayansa kuma an yi alkawarin cewa mai saye zai ji yadda hasken farin wata ya motsa zukatan makaɗa tun zamanin da har zuwa yau. Wani kamfanin fayafayai na Turai ne ya haɗa shi, irin waɗanda ke karɓar izinin tsofaffin kiɗan da aka riga aka ɗauka su tattara su a ƙarƙashin take ɗaya. Ire-irensa suna da yawa a kasuwa, sunayensu da bangonsu kusan ɗaya ne, saboda haka abin da zan faɗa a nan zai amfani duk wanda ya ci karo da wansa ko ƙanensa. Ta intanet na saye shi, wato sayen kifi a ruwa, domin ban ga cikakken jerin abin da ke ciki ba sai da ya iso.

Abin da aka buɗe faifan farko da shi ya burge ni ƙwarai, har na ɗauka cewa wanda ya yi zaɓin mutum ne mai zurfin bincike. Wata murya ce dusashshiya da ba ta wuce daƙiƙa ashirin ba, tana fitowa daga cikin ƙugi kamar mai magana daga ƙarƙashin rijiya, tana rera farkon wata tsohuwar waƙar yara ta Faransa mai suna "Au clair de la lune", wato a cikin hasken farin wata. An ɗauki wannan murya a birnin Paris ranar 9 ga Afrilu, 1860, shekara 17 kafin Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar magana. Wanda ya ɗauke ta, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya ƙera wata na'ura ce da ke zana karkarwar sauti a kan takardar da aka baƙanta da hayaƙin fitila, kuma manufarsa ita ce a ga sautin da ido, bai taɓa tsara hanyar da za a sake jin sa da kunne ba. Sai a 2008 wasu masu bincike a Amurka suka mayar da zanen ya zama sauti. Da farko sun kunna shi da sauri fiye da kima har aka zaci muryar mace ce ko ta yaro, daga baya aka gyara aka gane muryar namiji ce, ana kuma kyautata zaton ta Scott ɗin ce da kansa. Ashe murya mafi tsufa ta ɗan Adam da aka ɗauka yana waƙa har ake iya gane abin da yake rerawa, zancen farin wata take yi. Wanda ya sa wannan a gaba ya cancanci yabo.

Sai dai alkawarin "tun zamanin da" bai je ko'ina ba, domin abu mafi tsufa da ya biyo baya shi ne mabuɗin wasan waƙe na Joseph Haydn na 1777, wanda sunansa yake nufin duniyar wata. Wasan barkwanci ne a kan wani ɗan damfara da ya yi shigar masanin taurari, ya sa wani dattijo ya yarda an kai shi cikin wata, don a samu a aure masa 'ya'ya mata. Kiɗan yana da fara'a da tsalle-tsalle, babu wani tagumi a cikinsa, kuma yana da daɗi a ji cewa akwai lokacin da makaɗan Turai suke kallon wata su yi dariya.

Daga nan aka shiga abin da ya sa yawancin mutane za su sayi akwatin, wato sonatar piyano ta 14 ta Ludwig van Beethoven, wadda duniya ta sani da sunan Sonatar Farin Wata. A nan ne kuma babban laifin wannan tari yake. Beethoven ya kammala ta a 1801, aka buga ta a Viyana a 1802 da sadaukarwa ga ɗalibarsa Giulietta Guicciardi, kuma taken da ya ba ta da Italiyanci yana nufin sonata ce mai kama da kiɗan da zuciya ta saƙa nan take. Bai ambaci wata ba ko sau ɗaya. Ana danganta laƙabin ga wani marubuci Bajamushe mai suna Ludwig Rellstab, wanda ya kwatanta farkon kiɗan da hasken wata a kan tafkin Lucerne na ƙasar Suwizalan, sunan kuma bai bazu ba sai bayan rasuwar Beethoven a 1827. Ɗan littafin da ke cikin akwatin bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya kawo shi ne tatsuniyar masoyi da ya zauna a taga yana kallon wata yana tunanin budurwarsa, wadda babu hujjarta a ko'ina.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, domin laƙabi ya riga ya bi kiɗan, babu mai iya raba su yanzu. Abin da ban yafe ba shi ne yankan da aka yi masa. Sonatar zango uku ce, tana ɗaukar kimanin minti 15 gaba ɗayanta, amma zangon farko kaɗai aka sa a faifan. Wanda bai taɓa jin sauran ba zai tashi da tunanin cewa kiɗan kwantar da hankali ne, alhali kuwa zangon farkon shimfiɗa ce kawai. Na biyu gajere ne mai sauƙin kai, kamar ɗan murmushi tsakanin kuka biyu. Na uku kuwa hadari ne sosai: yatsu suna hawa daga ƙasan piyano zuwa samansa a guje, kowane hawa yana ƙarewa da bugu biyu masu ƙarfi kamar an banko ƙofa, sannan a koma ƙasa a sake tasowa. Mutumin da ya rubuta wannan yana ɗan shekara 30, jinsa ya fara raguwa, yana ɓoye wa jama'a, kuma a watan Oktoba na 1802 ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa daga ƙauyen Heiligenstadt da ke kusa da Viyana, inda ya bayyana irin ƙuncin da kurumta ta jefa shi. Duk wanda ya ji zango na uku ba zai sake jin na farko a matsayin waƙar reno ba, zai ji shi a matsayin shirun da gari yake yi kafin iska ta taso. Cire shi daidai yake da a ba mutum gabatarwar huɗuba a ce masa an idar.

Ko zangon farkon ma ban gamsu da yadda aka kaɗa shi ba. Beethoven ya nuna a rubuce cewa a ƙirga shi bibbiyu, abin da ke nufin ya riƙa tafiya a hankali ba tare da ya tsaya ba, amma makaɗin da aka zaɓa ya ja shi ya ja shi har zaren waƙar da ke sama ya riƙa tsinkewa tsakanin sauti da sauti. Na tabbata saboda wannan jan aka zaɓe shi, domin ya fi dacewa da hoton tafkin da ke bango.

Ragowar faifan farko waƙoƙin baka ne na ƙarni na 19, kuma muryoyin da aka zaɓa nagartattu ne. Akwai ɗaya daga cikin waƙoƙin da Franz Schubert ya yi wa wata a 1815, akwai kuma ta Robert Schumann ta 1840, shekarar da ya auri Clara Wieck bayan doguwar shari'a da mahaifinta, wadda ya ɗora a kan baitocin Joseph von Eichendorff game da daren farin wata. Ta Schumann ɗin ita ce na fi maimaitawa a wannan faifan, saboda yadda piyano yake sauka daga sama a hankali kamar raɓa kafin murya ta shigo. Sai manyan waƙoƙin mata guda biyu daga wasannin opera, wato wasannin waƙe, ta Vincenzo Bellini daga wasan Norma da aka fara nunawa a Milan a 1831, da ta Antonín Dvořák daga wasan Rusalka da aka fara nunawa a Prague a 1901. Matsalar ita ce ba a buga kalmomin ko ɗaya ba, balle fassararsu. Mu da muka tashi da sanin cewa waƙa magana ce kafin ta zama sauti, wannan giɓi ne babba. Mai sauraro zai ji mata biyu suna ɗaga murya a natse ya ɗauka abu ɗaya suke faɗa, alhali Norma shugabar addinin mutanenta ce a ƙarƙashin mamayar Rumawa, tana roƙon wata ya sanyaya zukatan masu neman yaƙi, a ɓoye kuma tana da 'ya'ya biyu da hakimin Rumawan da ake son a yaƙa. Rusalka kuwa 'yar ruwa ce da ta kamu da son ɗan sarki, tana aiken wata ya je ya gaya masa. Ɗaya tana rufa asirinta ne, ɗayar tana neman a tona nata, kuma sai da na fita neman wannan bayani a wani wuri kafin waƙoƙin suka buɗe mini.

Faifai na biyu ya fi na farko tsari, kuma a nan ne aka yi dabarar da ta fi kowace kyau a akwatin. An jera waƙar Gabriel Fauré ta 1887 da kiɗan piyano na Claude Debussy mai suna "Clair de lune" ɗaya bayan ɗaya, su biyun kuwa daga tushe ɗaya suka fito, wato wata gajeriyar waƙa ta Paul Verlaine da aka buga a 1869, wadda ke siffanta masu rawa da kiɗa sanye da abin rufe fuska, suna waƙar nasarar soyayya amma alamu na nuna ba su yarda da farin cikin nasu ba. Fauré ya kama rawar, Debussy ya kama abin da ke bayan abin rufe fuskar. Shi ma na Debussy ɗin an ciro shi ne daga cikin wani tari mai zango huɗu, inda yake na uku, wanda ya fara rubutawa wajen 1890 amma bai yarda an buga ba sai 1905. A nan ban yi ƙorafin cirewar ba, saboda zangon yana iya tsayawa da ƙafarsa, kuma matar da ta kaɗa shi ba ta jiƙa shi da yawan taka feda ba, ta bar kowane sauti ya fito a sarari. An kuma ƙara da wani kiɗan Debussy na 1907 a kan wata da ke faɗuwa a bisa kangon wani wurin bauta, wanda ba kowa ya san shi ba. A cikinsa ana jin amon ƙararrawa da tagulla irin na makaɗan tsibirin Java da ya saurara a bikin baje kolin duniya na Paris a 1889.

Bayan wannan sai aka fara cikon benci. An zuba kiɗan dare na Frédéric Chopin har guda huɗu, waɗanda duk da kyansu babu wanda ya ambaci wata a cikinsu. An dai ga duhu ne aka ce ai duk dare ɗaya ne. Wurin da suka cinye ya isa a sa sauran zango biyu na Beethoven har a samu ragowa. Ya kuma isa a sa ko da guntu biyu daga aikin Arnold Schoenberg na 1912 mai suna "Pierrot lunaire", wanda aka fara gabatarwa a Barlin, waƙoƙi 21 na wani wawan wasa da farin wata ya bugar da shi kamar giya, ana furta su da wata murya da ke tsakanin magana da rerawa. Ba kiɗa ne mai daɗin kunne ba, ni ma ba kullum nake iya jure shi ba, amma duk wanda zai ba da tarihin wata a kiɗan Turai ya tsallake shi ya yi tuya ya manta da albasa. Tsohuwar fahimta ce a wurin al'ummomi da yawa cewa wata yana da hannu a taɓin hankali, mu ma ai mukan ce watan haukan wane ya tsaya. Iyakar inda wannan ɓangare mai ban tsoro ya leƙo a akwatin shi ne guntun Benjamin Britten mai suna "Moonlight", wato farin wata, daga wasan Peter Grimes na 1945, inda ake jin teku yana numfashi da nauyi a bakin wani ƙauyen masunta na Ingila yayin da jama'a ke shirin farautar mutum. Ina zaton sunansa mai laushi ne ya ruɗi mai zaɓin har ya bari ya wuce.

Yawancin faifai na uku kiɗan Amurka ne na tsakiyar ƙarni na 20, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Kiɗan farin wata na Glenn Miller na 1939 shi ne na asali, yana nan da ƙamshinsa na zauren rawa. Amma shahararriyar waƙar nan ta tafiya wata da Frank Sinatra ya rera a 1964, wadda 'yan sama jannatin Apollo 10 suka tafi da ita a 1969, ba muryarsa ce a faifan ba, wani mai kwaikwayo ne, kuma sai mutum ya ƙura wa ƙananan rubutun bayan kwalin ido kafin ya gane haka.

A can ƙarshen faifan, kamar abin da aka tuna bayan an ɗaure kaya, aka sa kiɗa biyu daga gabashin Asiya. Na farko waƙar Rentaro Taki ce ta ƙasar Jafan, ta 1901, a kan wata da ke haskaka kangon fada. Taki ya rasu a 1903 yana ɗan shekara 23. Na biyu kuwa shi ne dalilin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba. Kiɗan wani makaho ne mai suna Hua Yanjun, wanda aka fi sani da Abing, da ya rayu yana kiɗa a titunan birnin Wuxi na ƙasar Sin. Abin kiɗansa shi ne erhu, mai tsirkiya biyu da ake gogawa da baka, ɗan'uwan goge da kukuma a ƙira da kuma a yadda yake kwaikwayon muryar mutum. A 1950 wasu masana kiɗa ƙarƙashin Yang Yinliu suka je suka ɗauke shi da na'ura mai naɗa sauti a kan siririyar waya, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya rasu. Sunan kiɗan yana nufin hoton wata a cikin Maɓuɓɓuga ta Biyu, wata sananniyar maɓuɓɓugar ruwa da ke gefen birnin. An sa ainihin abin da aka ɗauka a 1950 ne, da ƙuginsa da komai. Waƙar ɗaya ce take ta dawowa, kowane dawowa tana ɗan hawa sama da ɗaci sannan ta sauko ta haƙura, kuma kunnen da ya saba da mai goge ba ya buƙatar tafinta kafin ya bi ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa mutumin da ya bar wa duniya wannan kiɗa na hoton wata a ruwa ya yi shekaru bai ga wata ba.

Daga waɗannan biyun ba a ƙara komai ba. Babu Indiya, wadda ke da tsarin kiɗan dare mai suna Chandrakauns da aka raɗa wa sunan wata. Babu Larabawa, alhali baitocin "Ɗala'al Badru" da aka ruwaito mutanen Madina sun tarbi Annabi (SAW) da su, inda aka siffanta shi da cikakken wata, har yau ana rera su daga Indunusiya zuwa makarantun Islamiyya na ƙasar Hausa, sun kuma girmi Haydn da ƙarnoni masu yawa. Babu Afirka ko kaɗan. Wannan rashi ne ya sa na gane abin da ya daɗe yana damuna game da tarin, wanda da farko na kasa sa masa suna. Kusan duk abin da ke cikinsa kiɗan mutum ɗaya ne da ya keɓe kansa yana kallon sama, gari ya yi tsit, kowa ya yi barci sai shi. A wurinmu kuwa farin wata lokacin fitowa ne: kafin lantarki ya zo shi ne fitilar dandali, da shi 'yan mata suke gaɗa da tafi, samari su yi langa da kokawa, tsofaffi su shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi tatsuniya. Daren duhu ne daren kaɗaici. Saboda haka sai da kunnena ya ɗauki makonni kafin ya daina jiran tafi da amshi, ya karɓi wannan wata na Turawa mai sa mutum ya yi shiru shi kaɗai.

Ta fuskar aiki kuma akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani. Ba a daidaita ƙarfin sauti tsakanin kiɗa da kiɗa ba, ta yadda idan mutum ya ƙara murya don ya ji piyanon Debussy, ƙahonin Glenn Miller za su firgita shi idan ya canja faifai bai rage ba. Yawancin faifai na farko da na biyu sauti ne mai laushi sosai, ƙarar fanka ko ta janareton maƙwabta tana cinye rabinsa, a mota kuwa ɓata lokaci ne. Sai da abin sauraro na kunne, ko kuma can tsakar dare, ake cin moriyarsa. Aljihunan kwalin da aka zura fayafayan sun matse da yawa, har na fara ganin ƙananan zane a bayan na biyu, saboda haka na mayar da su cikin gidajen roba. Ɗan littafin kuma bai ba da shekarar da aka ɗauki kowane kiɗa ba, sunayen makaɗan ma a dunƙule aka jera su a shafin ƙarshe.

Ga wanda bai taɓa kusantar kiɗan gargajiyar Turai ba kuma yana neman ƙofar shiga, akwatin zai yi masa amfani, musamman faifai na biyu, muddin ya san cewa abin da aka ba shi na Beethoven kashi ɗaya ne cikin uku, ya kuma nemi cikakkiyar sonatar daban, wadda ba ta da wuyar samu. Wanda ya riga ya mallaki waɗannan ayyuka a cikakkensu ba zai samu sabon abu ba sai muryar 1860 da gogen Abing. Ni dai yanzu faifai na uku ne ya fi zama a cikin na'urata, ina tsallake duk abin da ke gaba in tafi kai tsaye kan na ƙarshen.